Darasi na Tara: Zaɓen Izgar Goge da Sayenta a Yamai

Manufar darasi

Wanda ya kammala wannan darasi zai iya riƙe izgar goge a hannu ya faɗi ko ta gari ce ko ta banza. Zai san inda ake nemanta a cikin Yamai, ya kuma yi cinikinta ba tare da an cuce shi ko ya ɓata wa mai sana'a rai ba. A ƙarshe akwai tambayoyi da ɗan lissafin dala da jika.

Abin da ake rainawa

Mai sayen goge yakan daɗe yana juya ƙwarya, yana ƙwanƙwasa fatar guza da ɗan yatsa, yana duba sanda da jaki, wato ɗan abin da tsirkiya ke hawa a kan fata. In ciniki ya faɗa, sai ya miƙa hannu a ba shi izga a kan gyara, ko dubanta bai yi ba. Bayan kwana biyu ya dawo yana ƙorafi wai gogen ba shi da murya. Sau da yawa gogen lafiyarsa lau, izgar ce ba ta kama tsirkiya.

Izga ita ce sandar nan mai lanƙwasa da ake goga wa tsirkiya, a wasu wurare yazga ake cewa. Sassanta uku ne. Akwai baka, wato ƙarfe ko icen da aka tanƙwara. Akwai gashin wutsiyar doki da aka ɗaure daga wannan baki zuwa wancan. Sai mariƙi, inda aka naɗe da fata domin hannu. Abu na huɗu ba a jikinta yake ba, amma in babu shi sauran ukun aikin banza ne, shi ne ƙaro.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan kiɗa ba. Zabarmawa da muke zaune tare da su a Yamai suna da nasu gogen, kuma yana da babban matsayi a al'adarsu. Abzinawa suna da imzad, wanda mata ne ke kaɗa shi, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. A ƙasar Adar an yi makaɗi Ɗan Gurmu na Tawa, wanda aka sa wa gasar waƙa ta ƙasa sunansa. A Najeriya kuwa ƙanwar goge, wato kukuma, ta yi tashe a hannun su Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam da Ahmadu Doka. Duk waɗannan mutane, da bambancin harshensu da zamaninsu, ɗan damin gashin doki ne ya isar da kiɗansu kunnen jama'a.

Yadda murya ke fita

Kafin mu je kasuwa, ya kamata mu san aikin da muke son izga ta yi mana. In ka wanke tasa ta fita tas, ka ja ɗan yatsa a kanta da ɗan ƙarfi, za ka ji tana ƙara. Yatsan yana maƙalewa yana suɓucewa, yana maƙalewa yana suɓucewa, da saurin da ido ba ya gani. Abin da ke faruwa ke nan tsakanin izga da tsirkiya. Gashi mai ƙaro yana kama tsirkiya ya ja ta gefe, in ta kai iyakar jurewarta ta ƙwace ta koma, gashin ya sake kama ta. Ana yin haka ɗaruruwan sau kafin ka ƙifta ido sau biyu. Girgizar ta bi ta jaki ta sauka kan fata, ƙwarya ta ƙara mata amo. Wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, shi ya fayyace wannan a shekarun 1860, ko da yake makaɗa sun riga shi sani da hannuwansu.

Abin lura a nan shi ne, gogen Hausa ba waya gare shi ba. Tsirkiyarsa ma damin gashin doki ce. Gashi ne ke gugar gashi, shi ya sa muryar goge take da ɗan dishi-dishin nan mai taɓa zuciya. Shi ya sa kuma dole izga ta dace da tsirkiyar da za ta yi aiki a kanta. Siririyar izga ba za ta motsa tsirkiya mai kauri ba, sai dai ta yi ta shafarta tana fitar da iska. Izga mai kauri da nauyi kuwa, in aka ɗora ta kan ƴar tsirkiyar kukuma, shaƙe ta za ta yi.

Gashi

Nan ne ya kamata mai saye ya fi daɗewa, domin baka ana iya gyara shi, mariƙi ana iya sake naɗe shi, amma mugun gashi ba shi da magani sai cirewa.

Tambaya ta farko: gashin doki ne kuwa? A garin da ke bakin kogi irin Yamai, zaren nailan na kamun kifi ba ya wuya, kuma in aka shafe shi da ƙaro yakan yi kama da farin gashi ga wanda bai sani ba. Ka roƙi mai kaya ya ba ka sili ɗaya daga ragowar da ya yanke, ka sa masa ashana. Gashi na gaske yana ƙonewa da warin babbaka, ya bar toka mai murmushewa. Nailan narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi ɗan ƙwallo mai tauri. Nailan ba ya riƙe ƙaro yadda ya kamata, saboda haka kullum kana shafawa, kullum yana zamewa. Wasu kuma sukan cakuɗa da gashin wutsiyar sa. Shi wannan gajere ne, mai murɗewa, ba ya kwanciya sambal.

Tambaya ta biyu: na wane doki ne? Masu ɗaura izga a ko'ina cikin duniya sun fi son na ingarma a kan na goɗiya, don fitsarin goɗiya yana jiƙa wutsiyarta, ya rina gashin ya kuma raunana shi. Batun launi kuwa, farin gashin kili ya fi laushi, muryarsa ta fi santsi. Baƙin gashin akawal ya fi kauri da kaushi, yana cafke tsirkiya da ƙarfi, yana da amo. Babu wanda ya fi wani a kowane hali. Mai kiɗa a fili, inda masu ƙwarya ke dukan nasu a gefe, baƙi zai fi yi masa amfani. Mai kiɗa cikin ɗaki ko gaban na'urar ɗaukar murya zai fi jin daɗin fari. Abin gudu shi ne gashin da aka wanke da sinadarin bilic domin ya yi fari fat. Kyan ido ne kawai. Sinadarin ya riga ya cinye ƙarfinsa.

Ga yadda ake gane ƙarfi. Ka kama sili ɗaya da hannu biyu ka ja a hankali. Mai rai zai ɗan miƙe kafin ya tsinke. Tsoho ko wanda rana ta gasa zai katse nan take, ba ja ba miƙewa. Sannan ka bi silin da yatsa daga tushe zuwa baki. In ka ji ƙulli, ko wurin da ya kumbura, ko inda ya tsage, to kowane irin wannan aibi ƙara ce da za ta shiga kiɗanka.

Daga nan sai ka ɗaga izgar duka ka kalle ta ta wajen haske. Silin su kasance a jere, kowane na bin ɗan'uwansa, ba wanda ya hau kan wani. Kada ka ga wasu sun ɗame wasu suna lilo, domin waɗanda suka ɗame su kaɗai za su ɗauki wahala, su tsinke ɗaya bayan ɗaya. Gashin doki ya fi kauri a tushe, yana sirancewa zuwa baki. Saboda haka wasu gwanaye sukan juya rabin damin, kai da ƙafa, domin kaurin ya zo daidai a bakin nan biyu. In ka tambayi mai sana'a yadda ya jera nasa ya amsa maka ba inda-inda, alama ce ka zo wurin wanda ya san aikinsa.

Wani abu da masu koyo ke yawan yi ba da sani ba: shafa gashin da tafin hannu don su ji laushinsa. Kada ka yi. Maiƙon hannu yana hana ƙaro zama, kuma wurin da ka taɓa zai riƙa zamewa. Kana ɓata wa mutum haja ne tun ba ka saya ba. In dole sai ka danna don jin ɗamewa, yi da bayan farce.

Baka da mariƙi

Izgar goge ba ta cika wuce kamu ɗaya da kaɗan ba, ta kukuma kuwa ba ta kai haka ba. Ba ta da ƙusar murɗawa da ake ɗame gashi ko sassauta shi, saboda haka ɗamewar duka tana ga baka. Ka matsa bakin nan biyu a hankali su kusanci juna, sa'an nan ka saki. Baka na gari zai koma yadda yake. Wanda aka yi da sassauƙan rodin gini zai tsaya inda ka kai shi, gashin ya saki. Wanda kuma ya ƙi motsi sam, ya yi tauri da yawa, kiɗansa zai fito a bushe.

Ƙarfe ko ice? Na ƙarfe yana da nauyi, nauyin nan kuwa shi ke danna tsirkiya ba sai ka wahalar da hannu ba. Yana jure tafiya, kuma in gashi ya saki ana iya ɗan buɗa shi ya sake ɗamewa. Aibinsa tsatsa. Ka duba wurin da aka ɗaure gashi da kyau: in babu fata ko zare tsakanin ƙarfe da gashin, tsatsa za ta ci ɗaurin tun damina ba ta fita ba. Na tagulla ba ya yin irin wannan tsatsar, amma ya fi tsada. Na ice ba shi da nauyi, yana da saurin juyawa, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai koyo, wanda wuyan hannunsa bai saba ba tukuna. A nemi ice mai tanƙwaruwa ba tare da karyewa ba, irin dargaza ko geza, wanda ya bushe sosai kafin a ɗaura masa gashi. Ɗanyen ice yana ci gaba da lanƙwasa bayan ka kai shi gida. Ka duba kada a sami gaɓa a tsakiyar gantsarwar, ko ƙananan ramukan ƙwaro masu zubar da gari.

Ka kuma miƙa izgar gabanka ka rufe ido ɗaya ka bi ta da kallo daga baki zuwa baki. Baka da gashi su kasance a layi guda. In bakan ya karkace gefe, izgar za ta riƙa kifewa a hannu, kai kuma ka yi ta kokawa da ita maimakon kiɗa.

Mariƙi ba a daɗe masa. Fata mai laushi, ɗinki mai ƙarfi, kauri daidai hannunka. Tuntaye da wuri da jan fenti ba su ƙara wa izga komai. Ina son ado, kuma dukawanmu sun iya shi, amma na ga ado ya rufe tsagewar ice, na ga ya rufe tsatsa. A duba abin da ke ƙarƙashi tukuna.

Ƙaro

Ba kowane ƙaro ba. Na dakwara, wanda ake sa wa tawada, yana narkewa cikin ruwa, saboda haka in laima ta taso sai ya yi danƙo ya haɗe gashin wuri ɗaya. Wanda ake nema shi ne irin na turare, kamar na maje ko na hano, busasshe, wanda in ka kankare shi da farce yake ba da farin gari, in ka jefa shi ruwa kuma ba ya narkewa. Masu sayar da turaren wuta da masu maganin gargajiya suna da shi. Sabuwar izga tana shan ƙaro da yawa a karon farko, bayan haka shafa biyu ko uku ta isa. In ka ga gari yana tashi yana zuba kan fatar goge, ƙaron ya yi yawa. In ka ja izga ka ji shuuu ba murya, ƙaron ya yi kaɗan.

Inda za a nema a Yamai

Izga ta gari ba a cika samunta a shimfiɗe kan tebur ba. Mafi yawan makaɗan goge su ke ɗaura tasu, ko kuwa suna da mutum ɗaya da suka amince wa. Don haka hanya mafi kusa ita ce ta bakin makaɗi. Wurin farawa shi ne cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, wadda aka buɗe a 1989. Tana da tarin kayan kiɗan gargajiya na ƙasar nan, kuma makaɗa na shiga suna fita. Gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, shi ma yana da kayan kiɗa na da, ga kuma maƙera da dukawa suna aiki a harabarsa. Je ka kalli tsofaffin izgogi ko ba ka da niyyar saye ranar. Idon da ya ga aikin magabata ba a saurin ruɗa shi.

A wuraren sayar da kayan hannu za ka ga ƙananan goguna masu ƙyalli da izgarsu. Yawancinsu don baƙi aka yi su, a rataye a bango, kuma masu su ba sa ɓoye haka in ka tambaya. Sai ka faɗi tun farko cewa na kiɗa kake so.

Akwai kuma hanyar harhaɗawa, wadda ta fi wahala amma ta fi koyarwa. Maƙeran kasuwar Katako za su tanƙwara maka baka gwargwadon yadda ka kwatanta. Baduku zai naɗe mariƙi. Gashi kuwa sai wajen masu dawaki: a tambaya a filin sukuwa, ko a bi ta hannun dillalan kasuwar dabbobi ta Turaku, ko a yi saƙo Doso ko Maraɗi ko Damagaram, inda har yanzu ake hawan salla. Ka tuna wutsiya ita ce abin korar ƙudan doki, kuma sili mai tsawo shekaru yake yi kafin ya kai. Mai doki ba ya son a taɓa masa ita. A roƙa da ladabi, a karɓi abin da aka ba da, a yi tukuici ga yaron barga.

Wata magana da ba za mu tsallake ba. Kowa ya san malamai da dama ba sa son goge, saboda daɗaɗɗiyar alaƙarsa da bori. Wannan darasi sana'a yake koyarwa, kowa kuma ya san abin da ya yarda da shi. Amma ko ta wace fuska ka kalli abin, akwai goguna da izgogi da masu su ba su ɗauke su kayan wasa ba, a wajen Hausawa da Zabarmawa duka. In wani ya kawo maka tsohuwar izga da araha, ga layu a jikinta, ya kuma kasa faɗin inda ta fito, ka bar masa kayansa. Mai yiwuwa gadon wani gida ce aka ɗauko ba da sanin magada ba.

Gwaji da ciniki

Ka tafi da gogenka. Wannan ita ce doka mafi girma a darasin nan. Izgar da ta yi daɗi a kan gogen mai sayarwa ba lalle ta yi a kan naka ba. Wanda ya ga hoto a waya ya aika kuɗi, cinikin biri a sama ya yi.

Gwaji uku za ka yi. Na farko, ja ɗaya mai tsawo, sannu a hankali, daga wannan baki har wancan, sa'an nan ka komo. Murya ta fito daidai a tafiya da dawowa, ba wurin da ta yanke. Na biyu, ka sassauta hannu ka yi kiɗa ƙasa-ƙasa. Kowace izga tana iya ihu in an danna ta, ta gari ce kaɗai ke magana a hankali ba ta shaƙe ba. Na uku, gajerun bugu masu sauri, irin na rawa, ka ji ko murya na tashi nan take ko sai ta yi ƙarar kankara tukuna. In kana da aboki, ya ja da baya kamar taki goma ya saurara, domin abin da kunnen makaɗi ke ji a kusa dabam yake da abin da ke isa wurin jama'a. In kuma kai sabon shiga ne, ba ka iya waɗannan ba tukuna, ka tafi da maigidanka ya gwada maka.

A karanta wannan hira da murya, mutum biyu-biyu:

— Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki.

— Wa alaikumus salam, samari. Sannunka dai. Shigo daga ciki.

— Maigidana ne ya turo ni. Izga nake so, ga gogen nan na zo da shi.

— Madalla, ka kyauta da ka zo da shi. Miƙo in ga tsirkiyar. To, mai kauri ce. Gwada wannan baƙar.

— Ta yi amo, Baba, amma ta yi mini nauyi. Ban daɗe da farawa ba.

— Ai na gani a riƙonka. Karɓi ta icen nan.

— Wannan ta zauna mini. Nawa za a sallama?

— Jika huɗu.

— A yi mini sauƙi, Baba, almajiri ne. Na saya jika biyu da rabi.

— Albarka, ɗana. Gashin kaɗai daga Doso aka kawo shi.

— To, na ƙara. Jika uku da dala hamsin.

— Kawo, saboda maigidanka. In gashi ya zube ka dawo da ita in sake maka.

— Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma.

Kuɗin da ke cikin hirar misali ne domin lissafi. Abin koyi shi ne halin mai sayen. Ya faɗi wanda ya turo shi, bai kushe kaya don a rage masa ba, bai kuma ɓoye cewa shi mai koyo ne ba. Kushe hajar mai aikin hannu na iya rage maka dala ashirin yau, amma ka rasa mai gyara maka gobe, alhali gashin izga ba ya dawwama, dole ka koma. In aiki za ka ba da a yi maka, ku yanke farashi da ranar karɓa tun farko, ka ba da kafin alƙalami, ka riƙe saura sai ka gwada.

Yadda abin yake a wajen Turawa

Kada wani ya ɗauka wannan bin diddigi ya yi yawa. Masu gogen Turawa, wato biyolon, sukan gwada izga goma kafin su ɗauki ɗaya. Siffar da suke amfani da ita yau wani Bafaranshe ne, François Xavier Tourte, ya daidaita ta a birnin Pari wajen 1785. Tsawonta kimanin santimita 74, nauyinta kimanin giram 60, silin gashinta tsakanin 150 da 200, kuma mafi yawan gashin daga Mongoliya da Saberiya ake kawo shi. Tana da ƙusar murɗawa a gindi, wadda ake ɗamewa in za a yi kiɗa, a sassauta in an gama. A 2017 an yi gwanjon izgar Tourte guda ɗaya a garin Vichy na Faransa a kan sama da Yuro dubu 570, fiye da sefa miliyan 370 ke nan.

Icen da suka fi so, farnambuko, a Barazil kaɗai yake fitowa, kuma an sare shi har ya kusa ƙarewa. Tun 2007 yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikinsa, yanzu kuma ana ƙera izgogi da zaren kabon. Wanda ke koyon biyolon a Yamai, irin wannan ta kabon za ta fi jure masa zafi da bushewar garinmu. Guza da damo ma suna cikin dabbobin da wannan yarjejeniya ta sa wa ido, saboda haka makaɗin da zai fita da gogensa mai fatar guza waje ya nemi bayani wurin ma'aikatan gandun daji kafin tafiya.

Izga da yanayin Yamai

Gashi yana shan laima ya ƙara tsawo, in ya bushe ya tsuke. A Yamai kuwa tazarar da ke tsakanin laimar Agusta da bushewar Maris babba ce. Izgar da aka ɗaura cif a tsakiyar damina za ta ɗame fiye da kima in hunturu ya shigo, silin su fara tsinkewa. Wadda aka ɗaura cif a rani za ta saki in ruwa ya sauka. Don haka in da damina kake saye, ka yarda da mai ɗan sassauci. In da rani ne, ka ɗauki mai ɗan ƙarin ɗamewa. In ta saki ranar da ake hadari, a ɗan nuna ta ga garwashi daga nesa, gwargwadon inda hannu zai iya jurewa, ba a kan harshen wuta ba.

A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Kada a bar izga cikin mota a rufe, ko a jingine ta jikin kwano, domin ƙaro zai narke ya manne gashin, icen kuma ya karkace. A yi mata jakar yadi, a rataye ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Izgar da aka jefa cikin akwati aka manta da ita, ƙananan ƙwari masu cin gashi za su same ta. Sili ɗaya in ya tsinke, a yanke shi da almakashi kusa da ɗauri. Fizge shi yana sassauta ƙullin, sauran su biyo baya.

Tambayoyi

1. Me ya sa dole mai sayen izga ya tafi da gogensa?
2. Yaya ake bambanta gashin doki da zaren nailan?
3. Wane irin ƙaro ne bai dace da izga ba, kuma don me?
4. Kana sayen izga a watan Agusta. Mai ɗamewa sosai za ka ɗauka ko mai ɗan sassauci? Faɗi dalili.

Lissafi

Dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1,000. A hirar da muka karanta, sefa nawa aka biya? Sefa nawa aka rage daga farashin farko? Da a ce mai sayen ya riga ya ba da kafin alƙalami na dala 300, dala nawa ta rage ya cika?

Aikin gida

Ka nemi makaɗin goge ko kukuma a unguwarku, ko wani dattijo da ya san su. Ka tambaye shi wa ke ɗaura masa izga, daga ina yake samun gashi, da irin ƙaron da yake shafawa. Ka rubuta amsarsa cikin jimla biyar, ka kawo aji mako mai zuwa.